Ta kwana a garin amma ta makara zauren taro: yadda tafiyar wata ɗalibarmu ta kwance

Wannan bayani ne a kan tafiyar wata ɗalibarmu mai digiri na uku zuwa taron ƙara wa juna sani da aka yi a wata jami'a a Turai, cikin ƙasashen nan da ake shiga da bizar Schengen, wato biza guda da ke ba mutum damar shiga ƙasashen Turai da dama. Ba zan faɗi sunanta ba, haka jami'ar da kamfanonin jirgin, don ba tonon silili ne ya zaunar da ni ba. Da izininta nake rubutawa, bayan mun zauna ni da ita mun baje takardun tafiyar kaf a kan tebur, imel-imel da rasit da katin shiga jirgi, muka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya don mu ga daga ina abin ya fara kwancewa. A taƙaice dai minti 20 aka ware mata ta gabatar da aikin da ta ɗau shekaru tana fama da shi, abin da ta samu bai kai rabin haka ba, shi ma a ƙarshen zama lokacin da mutane sun fara tattara jakunkuna. Kuma fa tun daren ranar da ta gabata tana cikin garin.

Duk wanda ya ji labarin abin da yake fara cewa shi ne jirgi ne ya yi latti. Eh jirgi ya yi latti, amma ni da na ga takardun ban yarda nan ne tushen abin ba.

Tsakuren maƙalarta, wato taƙaitaccen bayanin aikin da ta aika wa masu taron, ya samu karɓuwa da wuri, kusan wata biyar kafin taron, lokaci isasshe ga wanda kuɗinsa ke hannu. To ita tallafin tafiya ta nema, kuma irin tallafin nan ne na sai kwamiti ya zauna, bayan ya zauna ma ba kuɗi ake ba ka ba, cewa ake ka kashe naka ka kawo rasit a mayar maka. Masu shirya taron kuma ƙa'idarsu ba sa ba da wasiƙar gayyata sai wanda ya biya kuɗin rajista, kuma ban ga laifinsu ba sosai a nan don akwai masu neman wasiƙar kawai su samu biza ba taron ne ya dame su ba. Amma duba yadda abin ya jeru: babu amincewar kwamiti babu rajista, babu rajista babu wasiƙa, babu wasiƙa ba ta da abin da za ta kai ofishin jakadanci, biza kuma in ba ta fito ba wane mai hankali ne zai zuba kuɗinsa a tikitin da ba a mayarwa. Kowane mataki jiran na bayansa yake, kuma kowane ofis gani yake sati biyu ko ukun da ya riƙe takarda ba wani abu ba ne.

Dokar bizar Schengen a rubuce ba ta da wani ruɗani. Tun gyaran da ya fara aiki a 2020 mutum zai iya miƙa takardunsa wata 6 kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15 kafin ranar. Su kuma ofishin suna da kwana 15 su yanke hukunci, amma doka ta ba su dama su ja shi har kwana 45 in suna son ƙarin bincike. Fasfo dole ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, da sauran aƙalla wata 3 a kansa bayan ranar da za ka fito, da shafi biyu da ba a buga komai ba, sannan inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000. Duk wannan ta cika. Abin da dokar ba ta gaya maka shi ne kwana 15 ɗin nan daga ranar da aka karɓi takardunka ake ƙirgawa, ita kuwa ranar da za a ba ka ka je ka miƙa su a lokacin bazarar Turai, lokacin da kowa ke son tafiya, samunta aiki ne mai zaman kansa. Ranar da ta samu ta matso sosai, fasfonta ya dawo hannunta ana saura 'yan kwanaki taro.

A nan ne aka yanke shawarar da ta fi kowace tsada. Tikitin da ta daɗe tana kallo, wanda zai kai ta babban filin jirgin garin a kan tikiti guda, ya yi tashin da ya wuce abin da kwamiti ya amince. Sai ta shiga irin shafukan nan masu kwatanta farashi ta ga wata hanya mai sauƙi, jirgi biyu na kamfani biyu, a yada zango a wani babban birni sannan a ƙarasa da ƙaramin jirgi, tsakaninsu awa biyu da 'yan mintoci. A fuskar waya abin kamar tafiya ɗaya ce. A zahiri tikiti biyu ne daban, kowanne da lambarsa, kuma wannan bambancin ba ƙarami ba ne wallahi. In tikitinka guda ne, jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nema maka wani jirgin ba tare da ka ƙara ko sisi ba, kayanka kuma su wuce da kansu har inda za ka. In biyu ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba, a wurinsa kai fasinja ne da bai zo ba kawai. Ga shi kuma birnin da ta yada zango nan ne farkon shigarta yankin Schengen, don haka a nan za ta bi layin jami'an shige da fice a duba fasfo, ta je ta jira akwatinta ya fito, ta ja shi zuwa wani ɓangaren filin jirgin, ta sake miƙa shi, ta sake bin layin bincike. Teburin karɓar kaya kuma yawanci minti 40 zuwa awa ɗaya kafin tashi ake rufe shi. In ka cire wannan daga awa biyun za ka ga ko jirgin farko bai yi latti ba da ƙyar ne. Ya kuma yi latti fiye da awa ɗaya. Araha ba ta ado.

Da ta isa teburin an rufe. Ta nuna katin jirgin farko, ma'aikaciyar ta saurare ta da mutunci amma ta ce babu abin da za ta iya sai dai ta sayar mata da sabon tikiti na jirgin dare. Ta saya da kuɗin da ta ware na zaman kwanakin taron.

Jirgin dare ya sauke ta a filin da ke ɗauke da sunan garin da za ta, amma ba a garin yake ba. Wannan abu ne da ya zama ruwan dare a Turai kuma mai zuwa karon farko ba shi da yadda zai yi ya sani in ba gaya masa aka yi ba. Filin jirgin Frankfurt-Hahn a Jamus kusan kilomita 120 ne tsakaninsa da Frankfurt, na Beauvais da ake liƙa wa sunan Paris kusan kilomita 85 ne daga Paris, Landan kuwa filaye shida ne ke amsa sunanta. Ba a ɗaya daga cikin waɗannan ta sauka ba, misali kawai nake bayarwa, amma nata ma haka yake, tafiyar fiye da awa ɗaya a bas kafin a ga gari. Shafin taron ya yi bayanin yadda za a zo daga babban filin jirgi tiryan-tiryan, bai ce uffan ba a kan wannan ƙaramin, alhali shi ne wanda masu ƙaramin ƙarfi za su fi sauka, wato ɗalibai.

Ta samu bas ta ƙarshe da ƙyar, ta shiga gari dare ya raba, ranar Lahadi. Masaukin da ta biya ɗakin kwanan ɗalibai ne a cikin jami'ar, kuma can ƙasan imel ɗin da aka turo mata tun watan da ya wuce akwai layi ɗaya da ya ce ofishin karɓar makulli yana rufewa da daddare, wanda zai makara ya sanar tun da wuri. Ba ta da layin waya mai aiki a ƙasar, batirinta ya kusa mutuwa, cajarta kuma bakinta bai shiga soket ɗinsu ba. Ta yi abin da ni ma shi zan ce ta yi, ta kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa, mai tsaron wurin ya ara mata mahaɗin caja, ta hau intanet ɗinsu ta tura saƙo ga adireshin imel na taron cewa ta iso amma ga halin da take ciki. Ni ma ta turo min a WhatsApp, "Malam na iso lafiya, gobe da wuri zan fita in sha Allahu." Na kwanta hankalina kwance, don a tunanina mai wuyar ta wuce.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a duba, don shi ne ɓangaren da kusan babu mai shirya masa.

Da safe ta rubuta sunan jami'ar a taswirar waya, taswira ta nuna mata wuri minti goma sha biyar a ƙafa daga otal ɗin, ta yi murna. Ta isa ta tarar da wani tsohon gini mai ginshiƙai da sunan jami'ar ɓaro-ɓaro a goshinsa, hotonsa ne ma a saman shafin taron. Ta shiga, tsit, babu fosta babu teburin rajista babu masu rataye da katin suna, sai wani mai gadi da ba sa jin yaren juna sosai. Ta nuna masa wasiƙar gayyata, ya karanta, ya girgiza kai, ya ɗauko biro ya rubuta mata lambar bas da sunan wata tasha a bayan wasiƙar. Ashe nan ginin hukumar gudanarwa ne kawai, tsangayar da ke karɓar taron tana wani mazaunin jami'ar can bayan gari.

Mutane suna ɗauka jami'a wuri ɗaya ce mai ƙofa ɗaya, kuma sau da yawa ba haka ba ne. Jami'ar Cambridge kwaleji 31 ne warwatse a cikin gari, babu wata ƙofa guda da za ka ce ita ce ta jami'ar. Jami'ar Warwick a Ingila ba a garin Warwick take ba, a gefen Coventry take. A Beljiyam tun rabuwar 1968 jami'ar Leuven ta zama biyu, masu yaren Flemish suka zauna a Leuven, masu Faransanci aka gina musu sabon gari sukutum mai suna Louvain-la-Neuve, kuma Louvain ɗin nan shi ne sunan Leuven da Faransanci, to ka ga baƙo zai iya hawa jirgin ƙasa zuwa garin da ba shi ba yana ganin daidai yake. Ita taswirar waya in ka ba ta sunan jami'a zalla, alama ɗaya za ta dasa maka, galibi a kan babban ofishi ko tsohon gini. Ba ta san taronka ba.

A shafin taron an rubuta wurin, ba a ɓoye ba. Amma yadda aka rubuta shi ne sunan gini a taƙaice da haruffa uku da lambar ɗaki, irin rubutun da duk wanda ke aiki a wurin zai gane nan take, baƙo kuwa ba zai ma san cewa haruffan nan suna nufin wani mazauni daban ba. Wanda ya rubuta shafin kullum a can yake, a wurinsa jami'ar kenan.

Sai maganar bas. Yawancin irin wannan taro lokacin hutu ake sa shi, da dalili: azuzuwa babu kowa, ɗakunan kwanan ɗalibai a buɗe suke a ba baƙi, malamai ba sa koyarwa. Amma wannan hutun dai shi ne ke sa a rage motocin da ke zuwa jami'a, tunda ɗalibai ne fasinjojinsu. Shafin taron ya ce bas na tashi a kai a kai, wanda gaskiya ne a lokacin karatu. Jadawalin da ke manne a tashar na hutu ne, ta ga bayan wata na tafiya tana isowa, ta tsaya jiran ta gaba kusan rabin awa tana kallon agogo. Da bas ɗin ta zo direba ba ya karɓar kuɗi a hannu, sai kati ko manhaja, katinta na banki ya ƙi, wata mata ce ta taɓa nata katin ta biya mata.

Da ta sauka ma ba a gama ba. Mazaunin tasha uku gare shi, ta sauka a ta farko don ita ce mai sunan jami'ar, ginin kuwa yana kusa da ta uku. Ga intanet na eduroam yana nunawa a wayarta da cikakken ƙarfi amma ba ta iya hawa. Shi eduroam tsari ne da jami'o'i a ƙasashe fiye da 100 suke amfani da shi, ka shiga da suna da kalmar sirri na jami'arka ta gida a duk jami'ar da ka je, amma sai jami'arka tana ciki, kuma abin da ya fi shi ne ka saita shi a wayarka ka gwada tun kafin ka taso. Babu wanda ya taɓa gaya mata. Haka ta riƙa jan akwati a kan dutsen da aka shimfiɗa a hanya tana tambayar duk wanda ta gani, har wani ɗalibi mai rigar masu taimaka wa taron ya hango ta ya karɓi akwatin ya kai ta hawa na biyu.

Lokacinta ya wuce da kusan rabin awa. Saƙon da ta tura da dare yana nan a akwatin imel na taron ba wanda ya buɗe, don duk masu duba shi suna teburin rajista tun sassafe. Shugabar zaman ta kira sunanta sau biyu, ba amsa, ta wuce zuwa na gaba. Allah ya saka wa matar nan da alheri, da ta ga ta shigo tana haki sai ta rubuta 'yar takarda ta miƙa mata cewa za ta ba ta abin da ya rage a ƙarshe. Filashinta na cikin jakar hannu, wannan kam ta yi dabara, aka sa a kwamfuta, ta tsallake gabatarwa da bitar ayyukan magabata ta tafi kai tsaye kan sakamako. Ba a samu lokacin tambaya ba. Wani farfesa da ta ci burin ya ji aikin, wanda rabin dalilin zuwanta kenan, ya fita zuwa wani zaman tun lokacin da aka kira ta ba ta nan. Ta same shi washegari a wurin hutu sun yi magana 'yar kaɗan ya karɓi imel ɗinta, amma ba daidai yake da a ce ya zauna ya ga aikin ba, ita ma ta san haka.

In aka ce a raba alhaki, ni kaso mafi girma a gida nake ajiye shi, wurin tsarin tallafin. Duk wata matsala da ta biyo baya, tikiti biyu, ƙaramin filin jirgi, isowa daren Lahadi maimakon Asabar, daga ƙurewar lokaci da ƙarancin kuɗi ta fito, kuma ɗalibar da aka ce ta kashe nata a mayar mata dole mafi araha za ta bi ko da ta san akwai kasada. Har ila yau ƙa'idar tallafin ba ta biyan kwanan da ya wuce ranakun taro, wato dai an hana ta isa da kwana ɗaya a gaba, alhali wannan kwana ɗayan shi ne da zai shanye duk abin da ya faru. Da ta iso Asabar, ranar Lahadi za ta je tsohon ginin ta gane ba nan ba ne, ta hau bas ta gano tasha ta uku, ta ga ƙofar ɗakin da idonta, ta koma ta yi barci.

Masu shirya taron nasu kason shi ne shafin da suka rubuta wa kansu ba baƙo ba, da sa baƙuwar da ta fi kowa nisa a zaman safiyar ranar farko, da rashin lambar waya ko guda da mutum zai kira ranar taro. Ba mugunta ba ce, na san yadda ake shirya irin wannan, malamai ne da ɗalibai ke yi a kan ayyukansu ba a biyansu. Amma ban karɓi uzurin cewa ai bayanin yana nan ba. Bayanin da sai ɗan gida ne zai gane shi bai isa ba, musamman ga taron da ya kira kansa na ƙasa da ƙasa ya kuma karɓi kuɗin rajistar mutane daga nesa. Ita kuma nata bai wuce biyu ba, ba ta karanta imel ɗin masauki har ƙasa ba, kuma ba ta nemi imel ɗin shugabar zamanta ba alhali sunan matar na cikin jadawali, da ita ta tura wa saƙon da tuni an sauya jeri ba tare da wata wahala ba.

Bayan ta dawo mun gwada neman diyya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba fasinja tsakanin Yuro 250 zuwa 600 in ya isa a makare da awa 3 ko fiye, amma ta shafi jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar ne, ko wanda ya shigo in kamfanin na Tarayyar ne, kuma lattin da ake dubawa na tikitin da ka saya ne. Nata jirgin farko bai kai awa 3 ba, na biyun kuma a takarda ita ce ba ta zo ba, don haka babu abin da ya hau kan kowa. Inshorar da ta yi ta lafiya ce zalla irin wadda biza ke nema, ba ta ɗauki rasa jirgi ba.

Mun rubuta wa masu taron cikin ladabi muka jera abin da ya faru, muka roƙi su sa cikakken sunan mazauni da gini da tashar da za a sauka, su ambaci ƙaramin filin jirgin, su duba jadawalin hutu, su ba da lambar waya. Sun amsa da kyau, sun ba da haƙuri, sun ce za su miƙa wa jami'ar da za ta karɓi taro na gaba, sun kuma ba ta dama ta ɗora cikakken bidiyon gabatarwarta a shafinsu, ta yi ta tura wa farfesan. A sashenmu kuma yanzu duk ɗalibin da zai fita sai ya zauna da wani da ya taɓa tafiya sun bi hanyar tun daga ƙofar jirgi har lambar ɗaki, a buga a takarda, a ga ko tikitin guda ne, a saita eduroam a gabanmu. Maganar a riƙa ba da kuɗin kafin tafiya da ƙarin kwana ɗaya mun kai ta gaban kwamiti a rubuce, an ce za a duba a zama na gaba. Kuɗin tikitin dare da na otal ɗin kuwa ofishin kuɗi ya ce ba sa cikin abin da aka amince tun farko, mun sake rubutawa da sa hannun mai duba aikinta da shugaban sashe, har yanzu takardar tana can.